Sunan da Kika Faɗa Sau Biyu

Zuwa ga Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata miki shi, ya sa kin huta.

Tun shekarar da ruwan Tiga ya ci garinmu ban ƙara zama na rubuta wa kowa takarda ba. A waccan shekarar kawuna na rubuta wa, yana ci-rani a kudu, na ce masa idan ya dawo kada ya nemi gida inda ya bar shi. Wannan ita ce ta biyu, kuma na san ba za ki karanta ta ba. Ko kina raye ma da wuya ki iya, tunda kin sha cewa ajamina kamar kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan allo. Boko dai kin san ban yi ba. Ɗan abin da na tsinta a zauren malam kafin a tashe mu, shi nake lallaɓawa da shi a ragowar wani tsohon littafin Safiya. Ina zaune a gindin darbejiyarki, an idar da la'asar, kuma ina so in gama kafin a kira magariba don idona ba ya aiki idan rana ta yi ƙasa.

Damina biyu ke nan da tafiyarki. Akwai maganar da ta zaunar da ni, maganar autarki ce Safiya da sunanta, kuma jibi ake rufe rajistar jarrabawar shiga jami'a. Amma na san halinki. Ko daga kasuwa na dawo ba kya bari in shiga babbar magana sai kin ji wa na gani, wa ya haihu, wa ya yi rashi. To bari in bi da ke ta hanyarki.

Gida lafiya. Babba da matarsa Rabi sun samu ƙaruwa bayan ƙaramar sallah, mace, kuma sunanki aka mayar. Ummi suke ce mata. Ni amarya nake kiran ta, kullum ina gaya mata ta yi sauri ta girma ta karɓi girki, ita kuwa sai ta kama gemuna ta ja. Goshinki ne da ita sak. Rabi tana ƙoƙari, ba zan ci zalinta ba, ruwan alwalata bai taɓa yankewa ba. Sai dai miyar kukarta ba ta kama taki ba, daddawa take yi wa rowa. Ban gaya mata ba. Ke ma ai ban taɓa gaya miki taki ta yi daɗi ba, sai dai ki ga kwano ya dawo a sharce.

Jar akuyarki ta haifi tagwaye, kuma har yau ba ta daina cin sabulu ba. An ce in sayar da ita kafin ta tsufa, na ce wanda ya gaji da ita ya ɓoye sabulunsa.

Tumatir bana tsutsa ta taɓa shi, amma albasa ta yi. Kin tuna injin ban-ruwan nan da kike cewa ya fi jariri kuka? Babba ya dame ni a rabu da shi a sa na hasken rana, wai fetur ya fi ƙarfinmu. Na ce muddin ina numfashi ba za a jingina gonata da rana ba, idan hadari ya rufe ta fa? Ya bari na tafi jana'iza Dangora, kafin in dawo ya kafa abinsa. Larai, abin yana aiki. Ba ƙara, ba hayaƙi, ruwa sai kwarara yake cikin kwami. Kullum idan na je sai in ɗaure fuska in zaga in dawo. Bai ji daga bakina ba, kuma ba zai ji ba.

Kifi ya ja baya. Ƙarfasa ƙanana ake samu, tarwaɗa kuwa sai an yi sa'a. Masu kamun sun yi yawa, ragar wasu kuma ko sauro ba zai wuce ta ba.

Rediyonki yana nan, na ɗaure murfin batirin da zare. Labarin duniya bai canza ba tun da kika bar shi: kaya sun yi tsada, masu siyasa suna fita daga wannan jam'iyya su shiga waccan, gobe su dawo kamar ba su ne suka zage ta jiya ba. Da damina an yi ta faɗin garuruwan da ambaliya ta ci. Na ji wata tsohuwa tana lissafa abin da ruwa ya tafi mata da shi, har da turminta. Sai na kashe. Na tausaya musu, Allah ya sani. Amma abin da ya zo mini a rai, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa, shi ne su nasu ruwan zai janye su koma su share ɗaki. Namu bai janye ba.

Iska ta yaye kwanon aji biyu a firamare, iyaye suka haɗu suka gyara. Har ni na je na riƙe musu tsani. Na san za ki yi dariya, ni da na ce ƙafata ba za ta taka wurin ba.

To, wannan ya kawo mu kan maganar.

Kin tuna yadda muka yi lokacin da Babba ya isa shiga makaranta. Na ce ba ɗana da zai zauna a ajin mutanen da suka auna garinmu da igiya suka ce mu tashi. Kika yi wata guda ba ki ɗaga murya ba, sai dai kullum da safe ki wanke shi ki shafa masa mai ki zaunar da shi a bakin ƙofa yana kallon yara suna wucewa. Wane uba ne zai jure wannan? Ranar da na sauka, na sauka ne da sharaɗi. Na ga yaran makaranta da sunan garinsu ake rubuta su, wannan wane Bebeji, wancan wane Badafi. Na ce wa hedimasta to nawa ma haka za a yi masa, a rubuta Kwarin Kanya a bayan sunansa. Ya ce ai babu wannan garin yanzu. Na ce akwai shi, ruwa ne dai a kansa. Muka yi ta ja har ya gaji ya rubuta. Haka na yi wa duk shidan, ɗaya bayan ɗaya, hedimasta uku na gajiyar.

An watsa mu ai, Larai. Wasu sun yi Tudun Wada, wasu Doguwa, wasu Kiru, mu aka raɓa mu a gefen garin wasu aka ce mana Unguwar Baƙi, kuma har yau da jikokinmu baƙin ne. Sunan Kwarin Kanya babu shi a allon hanya, babu shi a bakin direbobi. Na ce to bari ya zauna a littafin makaranta, a riƙa kiran sa kowace safiya yara suna amsawa. Biyar suka tsaya a hanya, wannan ya kama noma, wannan ta yi aure, sunan ya tsaya inda suka tsaya. Safiya ce kaɗai ta haye. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana so ta karanci aikin jinya. Ni kuma, ba zan ɓoye miki ba, na riga na gama gani a raina: babban ɗaki a birni, manyan mutane a zaune, a ɗaga lasifika a kira Safiya Kwarin Kanya, wani ya juya ya tambayi na kusa da shi ina ne nan.

Kwana tara da suka wuce ta dawo daga wurin rajista idonta ja. An ce sunan da ke katinta na ɗan ƙasa bai yi daidai da na takardar makaranta ba. A takarda Kwarin Kanya, a kati sunana, Haruna. Malaminsu ya zo har zaure ya yi mini bayani, yaro mai ladabi, ya cire takalminsa tun daga waje. Ya ce kwamfuta ba ta yarda mutum ɗaya ya zama biyu. Ya ce gyaran kati yana ɗaukar watanni, kafin nan an rufe, shekara ta wuce ta. Hanya mai sauri ita ce a je kotu a yi takardar rantsuwa cewa su biyun mutum ɗaya ce, kuma daga yau sunan da ke kan kati shi ne nata. Wato a ajiye Kwarin Kanya.

Na tambayi wanda ya kai ta yin katin. Rabi ce ta ce ke ce, lokacin da masu katin suka zo suka kafa tebur a firamare, ni ina can bakin ruwa.

Larai, na yi fushi da ke. Kina kabari na yi fushi da ke, Allah ya yafe mini. Kwana uku ban je na gaishe ki ba, ni da ban taɓa tsallake safiya ba. Na ce ashe shekara da shekaru ina gini kina bi a baya kina zare tubali. Da na matsa wa Babba sai ya sunkuyar da kai ya ce ai shi ma Haruna ne a katinsa, da ƙannensa duka, sun daɗe da yi. Kin ga ke nan takardar Safiya ita ce wuri na ƙarshe a duniya da aka rubuta sunan garinmu, kuma ni ake so in ɗora hannu in rantse a cire.

Na ce ba zan je ba. Na faɗi abin da ya fi haka muni. Na ce jarrabawa ai kowace shekara ana yi, ta jira a gyara katin, idan ba a gyara ba ta zauna, ba ita ce ta farko da ta zauna ba. A gabanta na faɗa, tana tsugune ta kawo mini fura.

Kin san me ta yi? Babu. Ta ajiye kwanon ta tashi. Daga baya na ji cewa tunda ta kai shekaru tana iya zuwa ta yi rantsuwar da kanta, Babba ma ya ce ta hau babur ya kai ta ba sai na sani ba, kamar yadda ya yi mini da inji. Ta ƙi. Ta ce ni na rubuta sunan, ba za ta cire shi a bayan idona ba. Kuma ba ta daina karatu ba. Kullum da hantsi tana nan a kan tabarmarki da littattafanta tana bita, don jarrabawar da ubanta ya ce ba za ta yi ba. Ban san inda ta samo wannan halin ba. Ƙarya nake, na sani. Irin zaman da kika riƙa yi wa Babba ne a bakin ƙofa.

Yau da safe, da na ga saura kwana biyu kuma ba wanda ya sake tayar mini da zancen, sai abin ya ishe ni. Na ce ta ɗauko filafili ta biyo ni. Nufina in kai ta ta ga abin da take so a goge, ko ta ce da bakinta ta haƙura.

Kin san yadda nake gane wurin, na sha gaya miki ko da yake ba ki taɓa yarda kin shiga kwalekwale ba. Idan aka bar gaɓa aka miƙa, sai an ga giginyar nan ta tsallake ta shiga daidai tsagar dutse, sannan a juya a sa hasumiyar masallacin Juma'a a bayan kafaɗar hagu. Inda biyun suka haɗu, nan ne ƙofar gidanmu. Na sa ta tsayar da jirgin. Ruwa shiru, ba komai sai sama a cikinsa. Na fara nuna mata da baki. Nan zauren babana. Nan rijiyar da ba ta ƙafewa. Can marina, can maƙera, can kanyar da aka sa wa garin suna, wadda 'ya'yanta suka fi na ko'ina zaƙi. Na lissafa mata gidaje tun daga gabas har yamma, da masu su, da inda kowa ya ƙare. Na nuna mata inda kakanninta suke kwance, muka yi musu addu'a.

Sai na nuna mata gidanku, na uku daga rijiya. Na ba ta labarin ranar tashi, yadda manya ke kuka ana ɗora kaya a mota, ke kuwa kina 'yar yarinya kin rungume wata baƙar kaza kin ƙi saki, kina ta masifa wai an bar ƙwanta a akurki. Ni lokacin ina saurayi, ni na koma da gudu na kwaso miki ƙwan a hulata. Biyu suka fashe a hanya, kika harare ni. Wa ya san bayan shekaru wannan hararar zan aura?

Safiya ta yi dariya har jirgi ya girgiza. Rabona da jin dariyarta tun kafin rasuwarki. Da ta lafa sai ta ce idan na ba ta izini akwai abin da za ta gaya mini, wanda kika ce kada ta faɗa sai ya zama dole.

Ta ce ranar katin layi ya yi tsawo, mata cike da farfajiyar makaranta, janareta yana ta ƙara a gefen tebur. Da aka zo kanta mai rubutu ya tambayi sunanta ta faɗa, ya tambayi na biyu, ta buɗe baki za ta ce Kwarin Kanya kamar yadda ta saba amsawa a aji. Sai kika dafa kafaɗarta. Kika ce wa mutumin gari yana ƙarƙashin ruwa, ba zai zo ya tsaya mata a ko'ina ba, amma yarinya tana da uba da ransa, sunansa za a sa. Ya ce to mene ne sunan. Ta ce ta jira ki yi mata alama ta faɗa, ko ki waiwaya ki sa wata ta faɗa, kamar yadda kike yi kullum. Ba ki waiwaya ba. Da bakinki kika faɗa. Ƙarar janareta ta hana shi ji, ya kara hannu a kunne, kika sake faɗa da ƙarfi, har na ƙarshen layi suka ji.

Larai. Ke?

Ke da tun ranar da aka kawo ki ba ki taɓa kama sunana ba? Malam kike ce mini, ni da ko izu biyu ban haɗa ba. Ɗan maƙwabta da aka sa wa irin sunana, mai sunan Malam kike kiran sa har ya yi gemu. Ranar da malaman allurar yara suka tambaye ki sunan mai gida, aikawa kika yi aka kira Rabi daga ɗaki ta faɗa musu. Ko a wa'azi aka ambaci annabin da ake kira da sunan, sai na ga kin sunkuyar da kai kina gyara mayafi. Sai ga shi kin tsaya a tsakiyar matan unguwa kin faɗe shi, ba sau ɗaya ba.

Safiya ta ce wurin ya kaure da shewa, wata tsohuwa har da guɗa. Ta ce kin ja mayafi kin rufe fuska, amma ba ki bar gaban teburin ba sai da kika sa aka karanta miki abin da aka rubuta. A hanyar gida kika ce mata Malam zai yi faɗa idan ya ji, a bar shi tukuna, mutum ne mai ɗaukar kaya shi kaɗai kuma ba ya son a taya shi.

Sai yanzu na gane wani abu. Akwai lokacin da duk inda muka gifta, mata sai su riƙa ce miki ki maimaita ba su ji ba, ke kuma ki kai musu duka da gefen zane. Na tambaye ki, kika ce shirmen mata ne. Ashe duk unguwar nan kowa ya ji sunana a bakinki, ni kaɗai ne ban ji ba.

A cikin jirgin na juya mata baya na yi kamar ina duba raga. Da muka kusa gaɓa na ce ta gwada mini yadda kika faɗe shi, ko ja kika yi ko a dunƙule. Ta rufe fuska ta ce ita ba za ta iya ba. Kin ga abin da kika jawo mini? Da tsufana ina kishin wani yaro mai rubutu da ban taɓa gani ba, wanda aka faɗa masa har sau biyu kuma na tabbata kafin azahar ya manta.

Tun da muka dawo nake zaune a nan ina juya abin. Akwai maganganun da ya kamata in yi miki tun kina jin su.

Ban taɓa tambayar ki ko kina kewar Kwarin Kanya ba. Na ɗauka dole kina yi, tunda ni ina yi. Alhali ke me kika sani a can ban da kaza da rijiya? A nan kika girma, a nan aka ɗaura mana aure, a nan kika haifi takwas kika binne biyu. Ni kuwa shekara nawa ina kiran gidan nan zango. Na ƙi dasa ko da bishiya ɗaya, na ce baƙo ba ya dashe. Ke kika samo ɗan darbejiyar nan a gwangwani, kika kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kina ba shi ruwan wanke-wanke ina yi miki dariya. Yau ga ni a inuwarsa, bayana a jingine da shi. Kuma idan na ɗaga kai ina hango tudun da kike kwance. Idan nan zango ne, ke a ina na ajiye ki?

Ban taɓa gaya miki kin yi daidai a kan makaranta ba. Ranar da Safiya ta karanta mana takardar maganinki ta gano ana ba ki shi ba a kan ƙa'ida ba, na ga kin kalle ni ta gefen ido. Na san abin da kallon yake nufi, na yi kamar hankalina yana kan rediyo.

Kuma ban taɓa tunanin yadda abin yake ga yaran ba. Safiya ta ce tun tana aji ɗaya ake tsokanar ta, ana ce mata 'yar garin kifaye, ana tambayar ta ko da jirgi take zuwa hutu. Ba ta taɓa kawo ƙara ba, ta ce ta ga ina jin daɗi idan na ji an kira. Ni na ɗauki garin da na kasa ɗauka na rataya wa yara a wuya, kowannensu tun bai san hagu da dama ba. Ke kin gani, ba ki tsaya gardama da ni ba, kika bi ta inda za ki iya.

Amma kada ki ɗauka na ce kin fi ni gaskiya gaba ɗaya. Ban ce ba. Gari ba ya mutuwa don an rufe shi da ruwa, sai ranar da aka rasa mai faɗin sunansa, kuma a kan wannan ina nan inda nake. Mu da muka san shi da ido saura mu huɗu, ɗaya ma ba ya gane mutane. Abin yana ba ni tsoro, Larai. Ba mutuwa ba, wannan na shirya mata. Tsorona in tafi da gidaje arba'in da masu su a cikin kaina, ba wanda ya karɓa.

Sai dai yau a kan ruwa na lura da wani abu. Da muka juyo na yi kuskure da gangan, na ce marina tana gabas da rijiya. Yarinyar nan ta ce a'a, ɗazu yamma na ce. Sau ɗaya ta ji. Ta ce idan ta gama jarrabawa za ta sayo sabon littafi mu zauna, in faɗa tana rubutawa, gida gida, har da kazarki. Na ce sai na yi shawara. Kin dai san ni.

Abin da na kasa tsallakewa shi ne wannan. Idan na ce a gyara kati a mayar da sunan gari, to abin da kika faɗa za a goge. Magana ɗaya tak da kika karya kunyarki ta shekara da shekaru kika yi, kika tsaya sai da aka rubuta, ni kuma in bi baya in sa a kankare? Na bincika raina tun azahar, ban samu inda zan iya ba. Kwarin Kanya mutum ɗari sun faɗe shi sun more. Wannan kuwa sau biyu aka faɗe shi a duniya da wannan muryar, kuma katin yarinyar nan ne kaɗai shaida.

Rana ta yi ƙasa, layukan sun fara haɗe mini. Ga Ummi can tana rarrafowa wajen tawadata, ga akuyarki tana shinshinar kwandon wanki.

Ban gaya wa kowa ba tukuna, ke na fara gaya wa. Gobe idan Allah ya kai mu, ina idar da asuba zan biyo ta wajenki in gaishe ki, in biya bashin kwana ukun nan da na yi miki. Daga nan in sa farar rigata ta sallah, wadda kika ɗinke wa aljihu. Zan buga wa Babba ƙofa ya fito da babur, Safiya ta ɗauko takardunta, mu kama hanyar Bebeji kafin layi ya taru. Idan aka tambaye ni sunan da za a bar mata, zan faɗi wanda uwarta ta faɗa. Idan mai rubutu bai ji ba in sake faɗa masa. Sannan in dangwala yatsana.

Ki huta lafiya, Larai. Ki yafe mini fushin nan da sauran da kika sani. Allah ya jiƙan ki, ya haɗa mu inda ba a tashin kowa.

Ni ne mijinki,
wanda kika faɗi sunansa bai ji ba,
Haruna na Kwarin Kanya. Nawa dai ba wanda ya ce in rantse in cire.